Wanda Ya Jefa Hoton Kalla

A kasuwar Madawa, in ka tambayi Alƙasim tela, ba wanda zai fara maka da zancen ɗinki. Mai nama zai ce maka shi ne mutumin da ke duban ƙaurin yaro sau ɗaya ya faɗi ko zai yi kokowa ko gara ya koma gona. Ƴan kabu-kabu cewa suke kada ka soma gardama da shi kana ɗauke da fasinja, don sai fasinjan ya gaji ya sauka ya hau wata moto kai kana nan kana kare kanka. Matarsa Biba ta taɓa gaya wa maƙwabta cewa in gobara ta kama shago, ta san gwangwaninsa zai fara ɗauka, ya koma ya jawo keken ɗinki, sannan ya tambaya ko an ga inda ta yi. Masu son sa da masu jin haushinsa duk sun yarda da abu guda: da wuya ya yi kuskure a kan ɗan kokowa, kuma shi ma ya san haka.

Gwangwanin na madarar gari ne, fentinsa ya goge tuntuni, yana zaune a ƙarƙashin teburin keken. A ciki akwai ƙananan hotunan ƴan kokowa, kowanne bai kai tafin hannu ba, an manna su a kwalin sukari da ƙaro don su yi ƙwari. Tun yana yaro a Bangi ya tara su. A zamanin akwai wani mai hoto, Yosefu, da ke zaune kusa da asibitin mishan. Bayan kaka yakan bi filayen kokowa yana ɗaukar ƴan wasa, ya wanke su ƙanana, ya zo da su kasuwar Bangi cikin jakar fata. Manya ba su ko tsayawa wurinsa. Yara kuwa sai su yi mako suna yankan ciyawa suna ɗebo wa mata ruwa don su samu na hoto ɗaya.

Ba don kallo kawai ake tara su ba, wasa ake yi da su. Yara biyu su tsaya, kowa ya ɗora hotonsa a bayan hannu, a cilla sama tare. Wanda ya faɗo fuska sama, bayansa ya taɓa ƙasa ke nan, an kayar da shi, mai shi ya rasa hoton. Wanda ya faɗo a kife shi ya danne. Doka ɗaya ce kowane yaro ya sani ba tare da an koya masa ba: ranar da ɗan kokowa zai shiga fili da gaske, ba a jefa hotonsa. Sai a soke shi a jinkar rumbu ko a sa shi cikin hula, ya wuni a sama har labari ya zo. In hoto ya faɗi a irin wannan rana, mai shi ma zai faɗi. Manya suna dariyar abin, amma ba a taɓa ganin babban da ya ce wa yaro ya sauko da hoto daga rumbu ba.

Gwanin Alƙasim shi ne Kalla na Bangi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya yawan kirari, ba ya zagaya fili yana tsalle. Sai ya tsaya wuri ɗaya ya kafa ƙafa, ya bar dogo ya yi ta neman sa daga sama, can sai ka ga ya shige ƙarƙashinsa ya ɗauke shi kamar damin gero. Har yau in Alƙasim na ba da labarin sai ya tashi daga kan keken ya gwada, ya riƙe ƙugun duk wanda ya zo karɓar ɗinki. Ba kuma ya gajiya da faɗin ranar da Kalla ya tuɓe takalmansa a bakin fili, ya duba cikin yara, ya miƙa masa.

“Riƙe mani. In anka sace, kai zan kayar.”

Ya wuni rungume da takalman a ƙirji, ko fitsari bai je ba. Da ya girma ya dawo Madawa, ya tarar Kalla ma ya dawo nan da zama, sai ya mai da gaishe shi farilla. Kowace Juma’a da goronsa. Shi yake ɗinka masa rigar salla, shi yake ɗinka wandunan ƴan wasan da Kalla ke dubawa, kuma a gaban kowa Kalla ke kiran sa ɗana na gwangwani.

Bana, da aka zo zaɓen waɗanda za su je Tawa su wakilci Madawa, wani saurayi mai suna Sufyanu ya kayar da mutum shida a wuni biyu. Alƙasim bai jira an tashi ba, tun a bakin fili ya yanke hukunci da ƙarfi yadda na nesa za su ji.

“Ku rubuta ku aje. Yaron ga, tun bayan Kalla ba a yi mai ƙahwa irin tashi ba. Wanda duk yac ce ba haka ba, shi zo shago in koya mashi kallon kokowa.”

Kwana biyu bayan haka mai nama ya leƙo shagon da wuƙarsa a hannu.

“Ka ji? An hidda yaronka.”

“Wa ya hidda shi?”

“Babanka Kalla. Mushe, malamin da ke riƙe da takardar ƴan wasa, ya rubuta suna, Kalla ya ce a goge. Ka san ba mai shiga mota in bai aza mashi hannu bisa kai ba. Ashe kai da sanin kokowa ba ka san ɗan wa ne ba? Ɗan Yaƙubu ne, mai faci. Taka-Kalla.”

Alƙasim ya sani. Tun ranar farko ya sani, ya dai ɗauka ƙafar yaron za ta isa ta rufe sunan uban.

Abin da kasuwa ta sani shi ne, ranar da Kalla ya je Buza karawa da wani da ake kira Dogon Buza, shekara talatin da ƴan kai da suka wuce, Yaƙubu yana yaro ya fizge hoton Kalla daga hular Alƙasim, ya yar a ƙasa ya taka. Uwar Yaƙubu ƴar Buza ce, don haka ba wanda ya tsaya neman dalili. A wannan yammacin Kalla ya faɗi a kan kafaɗarsa ta dama, ta goce, bai sake shiga fili ba.

Abin da ya faru kuwa mutum biyu ne suka san shi. Yaƙubu yana da hoton Dogon Buza, kawunsa ya kawo masa. Alƙasim yana da na Kalla, wanda ba a taɓa ci ba, don ya ninka masa kwali biyu ya ɗan lanƙwasa shi yadda kullum a kife yake sauka. Da azahar ɗin ranar ya ja Yaƙubu bayan rumbuna ya ce su jefa. Lissafinsa mai sauƙi ne: in hoton Dogo ya faɗi a Bangi, Dogo zai faɗi a Buza, shi kuma ya taimaki Kalla ba wanda ya sani. Yaƙubu ya ce yau ba a jefawa. Alƙasim ya kira shi matsoraci, ɗan mace, har ya yarda. Suka cilla. Na Dogo ya kife. Na Kalla ya juya sau biyu ya sauka fuska sama, yana kallon su. Yaƙubu ya ƙi ɗauka, ko da yake ya ci. Ya ce masa ya mayar cikin hula maza, kada su gaya wa kowa.

Bayan la’asar direban motar kasuwa ya shigo da labarin faɗuwar Kalla. Alƙasim ya fashe da kuka a tsakiyar tasha fiye da na kowa, har manyan yara suka lura. Suka cire hularsa, suka ga rairayi manne da ƙaron da ke gefen hoton. Suka ce wa ya sa Kalla a ƙasa? Yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya duba fuskokinsu, ya ce Yaƙubu ne.

Yaƙubu ya yi ta rantsuwa, ba wanda ya saurare shi. Ubansa ya dake shi a gaban mutane don a bar gidan lafiya. Sunan ya bi shi har Madawa, har ya yi furfura. Yanzu da dariya ake faɗinsa, amma in wasa ya matso ƴan kokowa ba su ba shi hannu, in ya zauna a bakin fili sai benci ya yi masa faɗi. Da ya gane, ya daina zuwa.

Alƙasim ya ture rigar da yake ɗinkawa, ya ce wa mai nama, “Ba komi. Baba ba shi ƙin maganata. Kahin la’asar sunan ya koma.”

Ya sami Kalla a ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, a kan tabarma, kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka kamar kullum. Suka gaisa, ya ajiye goro.

“Yau ba Juma’a ba,” in ji Kalla. “Zamna. Mi ya kawo ka?”

“Baba, yaron ga Sufyanu. Ka ga yadda yake aza ƙahwa?”

“Na gani. Kahwaɗa ce ta mutu, ido shina nan.”

“Tun bayanka ban ga mai shiga ƙarƙashin dogo awa shi ba.”

“Ya hi ni sauri ma. Ni sai na jira, shi ba shi jira.”

“To, Baba?”

“To ba shi zuwa. Jinin da yat taka ni ba shi shiga mota guda da yarana. In sunka je Tawa sunka zube, mi zan ce ma uwayensu?”

Alƙasim ya yi dariya irin wadda yake kashe gardama da ita a kasuwa. “Haba Baba. Wasan yara ne fa. Kwali da ƙaro.”

Kalla ya ja wuyan rigarsa ƙasa da hannun hagu, ƙashin ya fito a karkace. “Wanga kwali ne? Ran nan ina tsaye, ƙahwata kahe, Dogo ya gaji har ina jin numhwashinshi. Ban ji an taɗe ni ba, ban ji an ɗauke ni ba, sai na ga sama. Na yi kokowa shekara goma sha huɗu, na san hwaɗuwar da mutum ke kayar da kai, na san wadda ba ta mutum ba. Kuma kai kag gani da idonka abin da anka yi ma hotona. Ko ba kai ne kah hwaɗi ba?”

“Ni ne.”

“To ka gani.” Ya fasa goron ya jefa rabi a baki, ya tauna a hankali. “Abin da ya hi ci mani rai, garin ga guda muke da uban, shekara nawa, ko sannu bai taɓa zuwa ya ce mani ba. In ya san ya yi, shi zo da ƙahwarshi shi hwaɗi gabana. In ya nemi gahwara, sai in duba zancen yaron.”

Alƙasim ya fito yana jin an buɗe ƙofa. A hanya ya tsara abin sarai: magana ce ta minti biyu, tsoho zai huce, yaro zai je Tawa, Yaƙubu ma sunan zai sauka daga kansa tunda an yafe. Ya duba ta kowane gefe bai ga wanda zai yi asara ba.

Rumfar Yaƙubu tana bakin kwalta, wajen da manyan motocin albasa ke tsayawa. Ya same shi tsugune gaban bahon ruwa, yana juya tib ɗin taya a ciki yana neman inda kumfa za ta fito. Tun suna yara ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa, ita ma daga nesa.

“Sannu da aiki, Yaƙubu.”

“Tela. Tayar keken ɗinki ce ta sace?”

Alƙasim ya zauna a kan wata tsohuwar taya ba a ce masa ya zauna ba. Ya kwashe yadda suka yi da Kalla ya faɗa, ya ƙara da yabon Sufyanu mai yawa, yana nuna yadda yaron ke karkata ƙugu. Yaƙubu bai ɗago ba, yana ta juya tib.

“Magana biyu ce,” in ji Alƙasim. “Ka hwaɗa a wuce.”

“In ce mi?”

“Ka ce yarinta ce, ka yi kuskure.”

“In ce na hizge hoton cikin hularka, na yar, na taka.”

Alƙasim ya dubi motar albasa da ke tsaye. “I. Haka dai.”

“Da wace ƙahwa?”

“Mi?”

“Da wace ƙahwa nit taka? Kai kag gani. Kada tsoho shi tambaye ni in ce dama, alhali kai ka ce mashi hagu.”

Kumfa ta fito. Yaƙubu ya danne wurin da babban yatsa, ya ciro tib ɗin ya shafa masa alli. Alƙasim, wanda ba a taɓa jin ya rasa amsa a kasuwa ba, ya ciro goro daga aljihu ya sake mayarwa.

“Don yaron nike yi,” ya ce.

“Na sani. Ka iya kallon kokowa, ban taɓa ce ba ka iya ba.” Yaƙubu ya goge hannu a tsumma. “Ka san ban taɓa ganin shi cikin fili ba? Ɗana. Nan nike jin labari bakin masu faci. Wani shi ce ya ɗauke ɗan Keita awa buhu, in ce Allah shi ƙara. Kwana biyu ke nan uwarshi na aza mashi tuwo tana ɗaukewa yadda yake.” Ya shiga goge tib da ƙarfe. “Gobe da hantsi. Ka biyo mu tahi tare, tunda kai ne shaida.”

Alƙasim ya koma shago ya ce wa mai nama an gama, gobe suna zai koma. Ya zauna kan keken ya ɗinka hannun riga a baibai, ya farke, ya sake ɗinka shi a baibai.

Da hantsi suka tarar Kalla ba shi kaɗai ba ne. Akwai tsoffin ƴan kokowa biyu a kan tabarma, da mushen da ke riƙe da takardar sunaye, don a ranar za a aika ta Tawa. Wasu matasa da suka ji ƙishin-ƙishin sun tsaya a jikin katanga kamar masu jiran wani abu dabam. Yaƙubu ya sa farar rigarsa ta Juma’a, an yi mata guga, ya riƙe goro a ƙunshin ganye. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya zo ya tsuguna, ya ajiye goron a gefen tabarma. Alƙasim ya zauna a wurinsa na kullum, dama da Kalla.

“Baba Kalla, na zaka neman gahwara,” in ji Yaƙubu. Muryarsa ba ta rawa. “Ranar da kat tahi Buza, muna yara. Alƙasim shina da hotonka cikin hula, awa yadda anka saba. Na zo ta bayanshi na hizge. Na yar ƙasa. Na taka.”

“Don mi?”

“Uwata ƴar Buza ce. Na so Dogo shi ci.”

Ɗaya daga cikin tsoffin ya yi tsaki. Alƙasim yana zaune yana jin maganar da ya ƙaga a tashar Bangi cikin kuka da majina tana fitowa daga bakin mutum mai furfura, kalma bayan kalma, har da dalilin da shi bai ma faɗa ba, mutane suka ƙara masa.

Kalla ya daɗe yana kallon Yaƙubu. “Ka daɗe ba ka zo ba,” ya ce. “Amma ka zo. Ni ba mai riƙo ba ne. Abu guda ya rage. Bayana ya taɓa ƙasa gaban jama’a saboda kai. Kai ma naka shi taɓa. Kwanta nan gabana, huska sama, in aza maka hannu bisa ƙirji awa yadda alƙalin wasa ke gani. Shi ke nan mun yi daidai, mushe shi rubuta yaron.”

Matasan jikin katanga suka matso. Wani ya ciro salula. Yaƙubu ya dubi ƙasar wurin, inda awaki suka kwana, ya dubi rigarsa. Ya cire hula ya ajiye kan takalmansa. Ya zauna daɓas, ya miƙe ƙafafu, ya kai hannu baya yana neman inda zai dafa.

Alƙasim bai san lokacin da ya tashi ba. Ya ji dai hannunsa a damtsen Yaƙubu, yana ja.

“Tashi.”

“Sake ni, tela. An kusa gamawa.”

“Na ce ka tashi. Baba, ba shi kwantawa. Bai taka komi ba.”

“Mi kake hwaɗi?” in ji Kalla.

“Bai hizge ba, bai taka ba. Ni nij jehwa hoton.” Ya juya ga mai salula. “Kai, ɗauka da kyau tunda ɗauka kaz zo yi.” Ya sake fuskantar Kalla, ya faɗi duka a tsaye: bayan rumbuna, hoton Dogo, yadda Yaƙubu ya ce yau ba a jefawa, yadda ya zage shi har ya yarda, yadda hoton ya sauka, da abin da ya ce a tasha da aka ga rairayi.

Wata akuya ta zo tana shinshina ƙunshin goron, mushe ya kore ta da takardar sunaye.

“Sau nawa kunka jehwa?” in ji Kalla.

“Sau guda.”

“Ranar wasa. Kai da ka san doka.”

“Na lanƙwasa kwalin, Baba. Ba ka taɓa hwaɗuwa ba hannuna. Na ɗauka in na kayar da Dogo nan…”

“Za ka taimake ni.”

“I.”

Ɗaya tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har da tari, ya ce yau ya ga sarkin masana kokowa, wanda ya kayar da gwaninsa da hannunsa. Kalla bai yi dariya ba. Ya shafa kafaɗarsa, ya dubi goron jiya da ya rage a gefen tabarma.

“Shekara nawa ina cin goronka,” ya ce a hankali. “Ina ce maka ɗana gaban mutane. Jiya ma nan kaz zamna, na tambaye ka, ka ce kai kag gani. Kuma ka tahi ka jawo bawan Allah shi kwanta cikin kashin awaki.” Ya juya. “Mushe, rubuta yaron. Sa shi na hwarko. A ce mashi shi zo da marece in aza mashi hannu, uban ma shi zo, shi zamna bakin fili kusa da ni.”

Mushe ya ɗora takardar a gwiwa ya rubuta.

“Kai kuwa,” in ji Kalla, bai dubi Alƙasim ba, “kada in ga ƙahwarka ƙohwar gidan ga sai na aiko. Ban san ko zan aiko ba. Wandunan yara a kai ma wani tela.”

“Baba, ka yi…”

“Ba ni ba. Nawa wauta ce ta yaro, zan ji da ita ni kaɗai. Ga mutum nan.”

Yaƙubu ya riga ya miƙe. Yana kaɗe bayan rigarsa da hula, ƙasa ta ɓata ta daga ƙugu zuwa ƙasa. Bai yi fushi a fuska ba, bai kuma yi murna ba, ya dai tsaya yana jira kamar yadda yake jiran faci ya kama.

Alƙasim ya matsa kusa da shi. Ya buɗe baki, abin da ya fito bai wuce tsakaninsu ba.

“Ban ji ba,” in ji Yaƙubu. “Ranar da kac ce na taka, har masu awon gero can ƙarshen kasuwa sun ji.”

Alƙasim ya tuɓe takalmansa. Ya cire hula. Ya tsuguna a inda Yaƙubu ya tashi, ya ɗaga muryar da yake yanke hukunci da ita a bakin fili, yadda na jikin katanga da matan da ke leƙowa daga zaure za su ji.

“Yaƙubu, ƙarya niy yi maka. Ba ka taka hoton Kalla ba, ni nij jehwa shi, kai ka hana ni na ƙi ji. Na bari anka dake ka, na bari anka ɓata maka suna, na hana ka kallon ɗanka. Jiya ma na so in ƙara. Na cuce ka. Don Allah ka yahe mani.”